Igiyar Korau a Kwatar Madubi

Da sunan Wanda ya tayar da tudu ya kwantar da ruwa, ya rubuta wa kowane bawa inda zai sa ƙafa da inda zai sa haƙarƙari. Ku matso kusa, ku da kuka dame ni da tambayar wane gari ya fi zauna mini a rai cikin garuruwan da na taka. Na ga birnin da ake rufin ɗakunansa da tagulla, na ga kasuwar da ake ciniki ba a buɗe baki. Amma in kun ga na yi shiru ina kallon kwarin da ke bayan gidan nan idan an ɗauke ruwan sama, to ba ɗayansu nake tunawa ba. Wani ɗan gari nake tunawa, wanda ladani ɗaya ya ishe shi, sunansa Kwatar Madubi.

Sunana Talle, mai wannan suna kuwa ba sai ya tsaya bayanin cewa bai san uwa ba. A Tudun Ƙishi aka haife ni, inda ruwa mafi yawa da na taɓa gani wuri ɗaya shi ne na randar liman. Korar jakai ce sana'ata, da ita na fita neman arziki tun gemuna bai fito ba. A wani zango na haɗu da Korau, dogon mutum mai tafiya yana ware ƙafafu kamar ƙasa za ta kife da shi. Na yi masa dariya, ya ce a garinsu haka ake tafiya, don a jirgi ake koyon tatata. Na ce ƙarya yake yi. Tun daga ranar ba mu rabu ba.

Tare muka ji labarin gishirin haske, wanda aka ce guntunsa ɗaya yana haska ɗaki har asuba ba mai ba lagwani. Muka ci alwashin sai mun ɗebo shi. Mun sha wuya kafin mu kai dutsen, kuma gishirin gaskiya ne, mun same shi yana ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kansa. Muka cika mangaloli muka gangaro muna ta lissafin matan da za mu aura. Muna sauka gindin dutsen hasken ya mutu, ashe in ya bar uwarsa gishiri ne kamar kowane gishiri, ko daɗin miya bai kai na kasuwa ba. Korau ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Ni kam ban yi ba, sai da na yi kwanaki ba na kula shi.

A hanyar dawowa, cikin wani fako da ba ciyawa ba inuwa, zazzaɓi ya kama shi. Da ya ga abin ba na tashi ba ne, ya kamo hannuna.

“Talle, abu ɗaya za ka yi mini. Ka je garinmu, ka tambayi gidan Tabawa, ka kwance igiyata.”

Na ce, “Igiya kawai? Ba dukiya ba wasiyya?”

“Igiya kawai. Amma da hannu, ban da wuƙa.”

Na ce ya kwantar da hankalinsa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaure jakai ba a ba shi labarin ƙulli. Ya yi murmushi, ya so ya ƙara magana, numfashi bai bar shi ba. Na yi masa sutura yadda na iya, na kora jakina ni kaɗai.

Na daɗe ina tambayar hanya kafin na iso bakin tafkin da garin yake, tafkin da ba a hango ƙarshensa. Wani masunci ya karɓi jakina ya ba ni tsohon kwalekwale da filafilin tuƙi, ya nuna mini gabas da haɓa. Allah ya kiyashe ku da ganin mutumin tudu a jirgi. Ina tuƙa dama yana juyawa hagu, har na ji kaina ina yi masa tsawa irin wadda nake yi wa jaki.

Da na yi nisa sai na shiga cikin wasu tsibirai na kacala da ciyawa, waɗanda ba su da gindi, yawo suke yi a kan ruwa. Da farko abin ya ba ni sha'awa. Can na lura duk inda na tsoma filafili sai su matso, na ƙara tuƙi suka ƙara matsowa, har hanyar ta zama ba ta fi faɗin tabarma ba. A gefen ɗaya na hango tsohon jirgi ciyawa ta haɗiye shi, sai hancinsa kawai ya rage. Tsoro ya sa na saki filafili na sandare. Ina sandarewa su ma suka tsaya. Nan na gane ƙarar ruwa suke bi, kamar awaki in sun ji motsin ƙwaryar dusa. Na ɗauki dutsen murhuna na wurga can nesa ta bayana, tsibiran suka juya suka nufi wurin. Na bi da sauran duwatsun, na bi da takalmana ɗaya bayan ɗaya, na bi da tukunyata, hanya ta buɗe. Na kwanta rub da ciki ko tari ban yi ba, ruwa ya yi ta tafiya da ni a hankali har na fita.

Da la'asar na ɗaga kai na ga Kwatar Madubi. Jirage masu filafilan tabarma jere a tashar, tarun kifi shanye a kan gwafanni, hayaƙin banda yana tashi. Bayan tashar ga gidajen farar ƙasa, kowane ƙafarsa cikin ruwa. Garin ba shi da titi ko ɗaya, lungunansa duka ruwa ne da kakanninsu suka haƙa daga tafkin, kowace ƙofa da matakalarta, kowace matakala da turke ɗaya na ɗaure jirgi. Abin da ya fi ba ni mamaki, tafkin nan numfashi yake yi. Da safe ya ja ruwa, lunguna su gangara zuwa tasha, kowa ya zauna a jirginsa a kai shi kasuwa. Da la'asar ya saki, ruwa ya juyo ya mayar da kowa gida. Shi ya sa mutanen garin ba su san gaggawa ba, kuma duk wanda suka gani yana tuƙi da gumi sun san baƙo ne.

Ruwan la'asar ya shiga da ni ina tambayar gidan Tabawa, ana nuna mini gaba. Na iso wata matakala da ba jirgi, sai igiyar rama a turke, baƙa wuluk, tana sheƙi, bakinta yana reto cikin ruwa. Na ce alhamdu lillahi, ga wurin ɗauri. Na ɗaure kwalekwalena a kai.

Kafin na miƙe, lungun ya cika da salati. Jirage suka kewaye ni, wani dattijo mai jar hula ya daka mini tsawa. Shi ne Sarkin Turke, mai kula da turakun garin duka.

“Kai wane irin mutum ne? Turke mai igiya kake ɗaure wa jirgi? Ku kwance shi, ku nutsar da jirgin, a mayar da mutumin nan inda ya fito!”

Na ce, “Ranka ya daɗe, baƙo ne ni. Ni abokin Korau ne, shi ya…”

Ban ƙarasa ba na ji guɗa daga cikin gida. Wata 'yar tsohuwa ta fito da gudu, hannunta duk gari, ta sauko har ruwa ya kama zanenta ta riƙe gefen jirgina.

“Sarkin Turke, baƙon ɗana ne! Wanda ya taɓa shi ni ya taɓa. Sannu ɗan nan, sannu. Ka ga ƙafa ko takalmi babu. Yaya ka baro shi? Har yanzu yana cin barkono kamar mai gaba da harshensa?”

Na ɓoye labarin da na zo da shi. Na ce, “Inna, barkono kam ba a raba shi da shi.” Ta ja ni ciki. Jirgina aka kai turken baƙi can tasha.

Da yamma, muna cin tuwon shinkafa da miyar ragon ruwa, yayar Korau, Delu, ta yi mini bayanin laifina. A garin, duk wanda zai yi tafiya mai nisa uwarsa ko matarsa takan ɗaura igiya a turken gida. Muddin igiyar tana nan, mai ita yana raye, ana zuba masa rabonsa na abinci, in bai zo ba a ba maƙwabta. Ba jirgin da zai ɗauru a turken sai nasa. Ba kuma mai kwance ta sai wanda ya ga kabarinsa da idonsa, da rana tsaka, gaban mutanen gida.

Na ce, “To ku da wane jirgi kuke fita?”

Delu ta dube ni ta ce, “Gida ɗaya, turke ɗaya, lungun bai ɗaukar fiye da haka. Tun tafiyarsa a matakala nake tsayawa da kwandon kifi ina roƙon a rage mini hanya.”

Na ajiye lomar da ke hannuna. Sai a lokacin na gane abin da Korau ya ɗora mini.

Na ce a raina gobe zan faɗa musu. Gobe ta yi, na tarar da Inna Tabawa durƙushe a matakala tana shafa wa igiyar man kaɗe, tana yi mata hira, tana ba ta labarin wanda ya yi aure da wanda ya haihu. Ta juyo ta ce in zo in karya. Wallahi ban taɓa sanin akwai mai tashi da asuba don ni in ci ba sai a gidan nan. Ta ɗinka mini takalmi na fatar kifi. Ta hana ni fita rana ba hula. In na yi santi ta ce, “Ci, ɗan tudu, ku da kuka saba da tsakuwa.” Kullum sai ta sa na ba ta labarin Korau, ni kuwa in zaɓo masu daɗi, na gishirin haske kam ta sa na maimaita har ta haddace.

Kwanakin nan su ne mafi daɗi a rayuwata, ba na jin kunyar faɗa. Da safe in bi jirgin maƙwabta zuwa tasha, in taya masu saukale, in ga yadda mai ƙosai take miƙa wa mai saye da doguwar gora daga taga. Akwai wata ayu, babbar dabbar ruwa, da ta saba da garin, takan shigo lungu a ba ta ɓawon kabewa, kowa yana gaishe ta kamar surukarsa. Da la'asar ruwa ya kwanta sumul, gidaje su bayyana a cikinsa, ka rasa wane ne garin na gaskiya, daga nan sunan ya samo asali. In an kira magariba, muryar ladani kan bi lungu lungu a kan ruwa ta iso maka kamar a kunnenka yake. Ni da na zo kwance igiya ɗaya in wuce, sai ga shi har mutane sun fara ce mini Tallen Tabawa.

Ran nan da hantsi, jirage duk sun gangara kasuwa, Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ciwon ciki ya murɗe ta. Mai maganin garin a can ƙarshen lungu yake, ta sama, ruwa kuwa yana gangarowa da ƙarfinsa. Delu ta tsaya a matakala tana ta kira har muryarta ta dushe, ba kowa sai tsofaffi a tagogi suna salati. Na dubi ruwan nan da nake tsoro fiye da kura, na ce a ɗora mini Inna a wuya. Na shiga, ya kawo mini ƙirji, na dafa bangon gidaje ina turawa, laka tana riƙe ƙafata, ruwa yana ture ni baya. A wata kwana ƙasa ta ɓace mini na sha na ƙoshi, amma ban sake ta ba. Ita kuwa cikin wannan azaba ta riƙe kunnuwana tana cewa, “Yau ga mai jakai ya zama jaki.”

Allah ya sa aka dace, mai magani ya ba ta jiƙo ta samu barci. Ina zaune a matakalarsa ina matse riga, Delu ta zo ta tsaya a kaina.

“Malam Talle, ka dube ni. Mutum ba ya ratso tsibiran nan don ya kawo gaisuwa kawai. Ƙanena yana raye?”

Na sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo mata.

“Na ji a jikina tun ranar da ka zo. Ina son Inna kamar yadda kake son ta, amma ka ga abin da ya faru yau. In ba ka nan, wa zai ɗauke ta? Kai kaɗai ka ga kabarin, ba mai iya yi sai kai.”

Na ce, “Yaya, in na faɗa mata ta mutu fa?”

Ta ce, “In ba ka faɗa ba, za ta mutu tana jira. Zaɓi wanda ka fi iya ɗauka.”

Da Inna ta warware, na same ta da safe a matakala da ƙoƙon man kaɗe. Na durƙusa, na ce Korau ne ya aiko ni, kuma ba gaisuwa ya aiko ni ba. Hannunta ya tsaya a kan igiyar. Ba ta yi kuka ba, ta ajiye ƙoƙon a hankali ta ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Can ta ce, “Inda ya kwanta, akwai ruwa kusa?”

Na so in ce akwai, amma na ce, “Babu, Inna. Fako ne.”

“To da me ka wanke shi?”

“Da ruwan salkata.”

“Kai kuma ka sha me?”

Na ce Allah ya kawo ni wata rijiya bayan na fid da rai. Ta kama fuskata da hannayenta masu maiƙo, ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce wa Delu ta kira Sarkin Turke.

Ranar ba wanda ya tafi kasuwa. Jirage suka cika lungun, kowa ya riƙe bango kada ruwa ya tafi da shi. Na durƙusa gaban turken da taƙamata ta mai jakai, na kama ƙullin. Shekaru da mai da ruwa sun mayar da shi kamar dutse, ban ma ga inda ya fara ba. Na ja, na murɗa, farcena ya fashe, gumi ya rufe mini ido. Sarkin Turke ya ce a hankali, “Ɗana, bar wahalar da kanka. Kowace uwa da irin ƙullinta, ba mai gane shi sai ita.”

Na ɗago na dubi Inna. Ashe aikin ba nawa ba ne ni kaɗai, sai ta yarda. Ta zauna kusa da ni, ta ɗora hannunta a kan nawa, ta kai yatsana wani wuri ƙarƙashin ƙullin ta ce, “Nan. Ranar ina sauri, na bar tuwo a wuta.” Na danna, ƙullin ya saki kamar ba shi ba. Ta karɓi igiyar ta rungume, sai a lokacin kukan ya zo, lungun duka ya ɗauka. Da ta gaji ta sunkuya ta sa igiyar a ruwa da kanta, ruwan safe ya tafi da ita tafki. Kafin sadakar bakwai maƙwabta suka haɗu suka sassaƙa wa Delu jirgi, na ga ranar da ta fara ɗaure shi a ƙofar gidansu.

Na so in zauna, amma ƙafar matafiyi ba ta jin magana, ga kuma ƙuruciya tana raɗa mini cewa arzikina yana gaba. Ranar da zan bi jirgin fatake, na fito na tarar da Inna da sabuwar igiya a hannu, Sarkin Turke yana gardama da ita.

“Tabawa, baƙo ba shi da turke. Kuma so kike Delu ta koma roƙon jirgi?”

“Wa ya ce maka turke? Dokarka ta hana shuka itace?”

Ta kafa ɗanyen reshen ceɗiya a gefen matakala, ta ɗaura igiyar a jikinsa, ta juya mini baya don kada in ga ƙullin. Ta ce, “Tafi, ɗan tudu. Kada ka yi rana ba hula.”

Na tafi da niyyar in dawo baɗi. Baɗi ta zama baɗin baɗaɗa, yaƙi ya rufe wata hanya, aure ya rufe wata, har ga ni yau ko masallaci sai an riƙe ni. Bara wani baƙo mai sayar da bandar kifi ya sauka a zauren nan, na ji ƙamshin hayaƙin na gane inda ta fito. Na tambaye shi gidan Tabawa ba tare da na faɗi ko ni wane ne ba. Ya ce tsohuwar ta daɗe da rasuwa, Delu ma ta bi ta, jikokinta ne a gidan. Ya ce akwai wata babbar ceɗiya a ƙofar, inuwarta ta rufe lungun, ta haɗiye wata igiya sai ɗan bakinta ya rage, kullum da safe ana shafa masa mai. Ya ce ta wani kawunsu ce da ya yi tafiya, har yau ana zuba masa tuwo.

To kun ji hikayar, abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da na rage tsufa ne. Yanzu saura roƙona. Cikinku duk wanda ya tsaya a kan kabarina, ya daure ya je Kwatar Madubi. Ya ɗebi duwatsu saboda tsibiran nan. Igiyar ba za ta kwantu ba, mai ƙullin ta tafi da saninsa, kada ya wahalar da farcensa. Ya dai faɗa musu da rana tsaka, sannan ya zauna ya cinye tuwon da aka zuba mini, kada ya rage ko loma.